Allurar Garba a Wuyana

Tun a tashar jirgin ƙasa ta Bombay na fara jin haushin Garba, kuma ban daina ba har muka bar Indiya. Wani mutum mai jar riga ya ɗauki akwatunanmu, ya kai mu wani tarago, ya karɓi ladansa ya ɓace. Sai da jirgi ya tashi muka gane taragon 'yan tsaye ne, wurin kwanciyar da muka biya yana can wani gefe da ba mu san hanyarsa ba. Ni na cika na yi fam, ina zagin mutumin da Hausa da Turanci. Garba kuwa ya zauna kan akwatinsa yana yi wa wata tsohuwa murmushi. Kafin la'asar ta matsa masa wuri, ta kwance ƙunshinta ta ba shi gurasa da wani abu mai yaji. Ni da nake tsaye a kansu ko kallo ban ishe ta ba. Ya yago rabin gurasar ya miƙo mini.

"Amshi, Barunje. Babu nama ƙasag ga, sai ka koyi cin haki awa akuya."

"Riƙe abinka, mai ƙarni. Hannun da ya saba da kihi ba ya ba ni abinci."

Na karɓa dai, don yunwa nake ji.

Haka muke magana da Garba tun muna sakandare. Ni Umaru, ɗan mahauta ne daga Yelwa, shi ya sa yake ce mini Barunje, gidanmu yana bayan kasuwa. Shi ɗan masunta ne daga Warra, a cikin jirgin ruwa ya yi wayo. Tsakanin mahauta da masunta kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, komai ɗacinsa, wasa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara, ba a kuma ɗaukarsa da gaske. Mun yi karatun likita tare a Zariya, mun dawo tare, zamanin ƙasarmu ta Yawuri tana cikin Jihar Sakkwato, amma ban tuna ranar da muka taɓa yin magana ɗaya ta tsakani da Allah ba. Da gwamnatin jiha ta zaɓi likitoci biyu za ta tura karo ilmi, sai sunana ya fito tare da nasa. Na yi murna da nawa.

Abin da aka tura mu koyo ƙaramin abu ne a ido. A gida, in mutum ya tashi da kaluluwa a wuya ta ƙi sacewa, daga Shanga ko Ngaski ko tsibiran cikin ruwa, wanzami ne farkon zuwa, ya yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi. In abin ya gagara, a ɗauke shi har Sakkwato, a kwantar da shi a yi tiyata a yanko kaluluwar, a aika da ita wani gari, a zauna jiran amsa wata da watanni. Wani kafin amsar ta iso an yi sadakar bakwai ɗinsa. A can Indiya kuwa siririyar allura suke sokawa cikin kumburin, su zuƙo ɗan abin da bai kai ɗigon hawaye ba, su shafa a gilashi, su rina, su duba a madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Kafin maraice an san ko tarin fuka ne, ko ciwon daji, ko kumburi ne kawai da zai wuce.

Birnin da muka sauka yana arewa, ga sanyi mai shiga ƙashi. Masaukinmu na farko ɗaki ne a saman gidan wasu mutane da ba sa cin nama, ko ƙwai ba ya shiga gidan. Inna ta ƙunso mini kilishi, shi kuma an ɗauro masa bandar kifi rabin buhu. Kilishina yana can ƙasan akwati a nannaɗe, bai dami kowa ba. Kifin Garba ne ya cika gidan da ƙamshi, matar gidan ta hau sama tana toshe hanci tana ihu. Amma da ta buɗe ƙofa, ni ta tarar da tsinken kilishi a baki. Ni aka ce in kwashe kayana. Garba ya durƙusa yana ba ta haƙuri da guntun yarensu da ya tsinta a jirgi, har ta yi dariya, ta bar mu da sharaɗin a fitar da komai. Daga ranar duk safiya sai ta aiko wa Garba shayi mai madara. Kofi ɗaya ake kawowa.

Malamarmu a asibiti dattijuwa ce, 'yar ƙarama, mai furfura, ba ta ɗaga murya. Ta nuna mana aikin sau biyu. Ka kama kaluluwar tsakanin yatsu biyu kada ta zille. Ka soka allura, ka ja sirinji kaɗan, ka motsa bakin allurar gaba da baya a hankali, ka saki abin ja kafin ka zare. Ka fesa a gilashi, ka ɗora wani gilashin ka ja sau ɗaya. Ta ce babban abokin gaban wannan aiki jini ne, in ya shiga ya rufe komai, ba abin da za ka gani.

Ni kuwa jini nake fitarwa. Na san littafi fiye da Garba, wannan ko shi ba zai musa ba. In aka zauna gaban madubi ni nake fara kiran sunan abin da ke ciki. Amma in na riƙe allura hannuna nauyi gare shi. Majinyaci ya yamutsa fuska, sirinji ya yi ja, malama ta ɗaga gilashin ta duba a hasken taga ta ajiye ba ta ce komai ba. Shirun nan nata ya fi mari zafi. Garba in ya zo, sai ya tsaya yana taɓa wuyan mutum yana yi masa hira, kafin ka ankara ya shiga ya fita, mutumin yana tambaya yaushe za a fara. Wata rana ta kama hannunsa ta juya shi a gaban ɗalibai, ta tambaye shi inda ya samo shi.

"Wajen ƙugiya," in ji shi. "In kifi ya taɓa, yatsa ke ji, ba ido ba."

Aka yi dariya. Da muka fito ya dafa kafaɗata.

"Barunje, kai yanka kaka yi. Gobe in sun kawo sa, ni ce a kira ka."

Na yi dariya kamar yadda al'ada ta ce in yi. A cikina kuwa wuta ce. Ina kishin hannun Garba, ina kishin yadda masu shara da masu gadi suke kiran sunansa tun daga nesa, ina kishin barcin da yake yi da minshari alhali ni ina juyi ina tunanin gida. Har kewar gida ya fi ni iyawa. In ya fara ba su labarin tafkin Kainji, da jiragen da ke tasowa daga Warra ranar kasuwa shaƙe da albasa da buhunan kifi, sai ka ga Indiyawa sun buɗe baki. Ni in na ce Yelwa, sai su tambaye ni ko kusa da garin Garba ne.

Wuri ɗaya na samu da yake nawa ni kaɗai. Bayan masallacin Juma'a akwai layin Musulmi, a ciki akwai wani tsohon mahauci mai jan gemu na lalle. Ranar farko na tsaya ina kallon yadda yake fiɗa, ya lura idona ba na mai saye ba ne. Ya miƙo mini wuƙa. Na zare ƙashin cinyar akuya yadda Baba ya koya mini, tsohon ya buga cinya ya kira maƙwabta su gani. Yana da ɗan Turanci da ya samo a aikin soja. Tun daga nan duk Juma'a sai ya shimfiɗa mini buhu, ya gasa mini hanta, ya ce da ni ɗansa. Ban taɓa gaya wa Garba inda nake zuwa ba.

Cikin sanyin nan na fara jin zazzaɓi da yamma. Na ce sauyin ƙasa ne. Wandona ya fara yi mini yawa, na ce rashin tuwo ne. Sai wata safiya ina alwala, na shafa wuyana ta hagu, ƙasa da kunne, na ji abu kamar gurjiya. Ba ya ciwo. Bayan 'yan makonni suka zama uku, sun manne da juna.

Ni likita ne, kuma kaluluwar wuya nake gani kullum. Na san abu biyu ne a gabana, ko tarin fuka ko ciwon daji. Na kuma san dokar da aka karanta mana a ofishin jakadanci, cewa duk ɗalibin da ciwo ya kwantar, gida za a mayar da shi. Mun ga an yi wa wani ɗan Tanzaniya haka. Wallahi ban ji tsoron mutuwa ba kamar yadda na ji tsoron in sauka tashar motar Yelwa hannu rabbana, a rame, shekara ta zagayo Garba ya sauka da takarda, masunta su yi ta kiɗa har bayan kasuwa. Na sayi mayafin wuya na ulu na naɗe. Sanyi ake yi, kowa da irinsa.

Garba ya gani. Ɗaki ɗaya muke kwana, kuma yatsunsa da idonsa a kan wuyan mutane suke wuni.

"Barunje, mi ka ɓoyewa ga wuya? Ko tozo ka hiddawa?"

"Tozon ya hi ƙaya. Ku da ba ku da ko wuya."

Bayan kwana biyu ya sake.

"Wanga sa dai, da Yelwa ne da malamin dabbobi ya hana a yanka shi. Taho in taɓa."

"Taɓa kakanka."

Ya yi dariya, na yi dariya. Kusan kullum sai ya kawo maganar, kullum a cikin wasa, don ba shi da wata hanyar yi mini magana. Ni kuma kullum in mayar masa, don ba a amsa wa abokin wasa da gaske. A raina ma cewa nake yi daɗi yake ji, ya ga na kusa sauka in bar masa fili.

Wata Lahadi da hantsi ya tafi kasuwa, na ɗauko allura da sirinji da na sako a aljihu, na tsaya gaban madubin aski. Na ce kafin in kai wa Garba wuyana gara in yi da kaina. Na kama, na soka. Kaluluwar ta zille. Na sake sokawa, na zurfafa. Sirinji ya cika da jini, idona ya yi duhu, na zauna a ƙasa. Kafin azahar gefen wuyan ya kumbura ya yi baƙi. Na ƙara naɗe mayafi. Da Garba ya dawo ya dube ni, ya dubi audugar da na manta a bakin taga. Ranar ce na fara ganin ya rasa abin tsokana.

Juma'ar da ta biyo na je wurin tsohona. Ya shimfiɗa buhu, amma bai ɗora hanta a wuta ba. Ya zauna kusa da ni yana goge hannu.

"Ɗan'uwanka ya zo nan," in ji shi.

Na ce, "Wane ɗan'uwa?"

"Mai kamun kifi. Ya bi ka a baya makon jiya ya ga wurin. Ya zauna inda kake zaune, ya yi kuka. Ya ce a ƙasarku maganar mai kifi ba ta shiga kunnen mai nama, ko gaskiya ya faɗa wasa ce. Ya ce sai dai mai nama ya faɗa maka. Ni ban san ciwo ba, ɗana, ban san abin da ke wuyanka ba. Amma ni mahauci ne kamar ubanka, ba kuma wasa nake yi da kai ba. Gobe ka je wurin malamarku."

Ya kamata in ji kunya ko in ji tausayi. Abin da na fara ji shi ne, har nan ma Garba ya shigo. Wurin nan ɗaya da na ɓoye, ya zo ya zauna kan buhuna, ya yi kuka, ga tsohon yana maganarsa da taushin murya. Na tambaya ko ya ba shi hanta. Tsohon ya dube ni kamar bai ji daidai ba, ya ce ya ba shi. Amma maganar ta shiga. Da Baba ne ya faɗa, haka zai faɗe ta, kuma ba a tsallake irinta.

Da safe na shiga ofishin malama na kwance mayafin. Ta daɗe tana taɓawa. Ta tambayi wanda ya yi mini wannan ɓarna, na ce ni ne. Ta cire tabarau ta goge.

"Ka cika wurin da jini," ta ce. "Kaluluwar da ta rage mai kyau tana can ciki, kusa da babbar jijiya. In allura ba ta samo komai ba, sai na miƙa ka ga masu tiyata, in sun kwantar da kai kuma dole a sanar da ofishinku. Ka san abin da zai biyo baya. Shiga ɗaya nake so a yi, a samu."

Na ce na amince, ta yi.

"Ba ni ba. Da shekara goma baya ne, ni zan yi. Yanzu a sashen nan babu hannun da ya kai na Garba, har da nawa."

Da ta ce ciwon daji ne da ni, ban san ko zai fi wannan zafi ba. Na buɗe baki in ce a kira kowa ban da shi, sai na tuna tashar Yelwa. Na ce to.

Aka kira shi. Na kwanta, aka sa mini matashi ƙarƙashin kafaɗa, na juya fuska ga bango. Na ji yatsunsa, masu sanyi, suna bin gefen kumburin a hankali. Ina jira ya ce yau sa ya zo hannu, na ma shirya amsa.

"Umaru," ya ce. "Kak ka haɗiye miyau. Kak ka yi magana. Yi bisimilla cikin ranka."

Tun da muka san juna ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na yi bisimilla. Na ji ɗan tsini kamar cizon sauro, sai wani motsi can ciki. Ina nan ina jiran zafin ya zo, na ji ya danna auduga.

"An gama."

Na juyo na ga yana fesa wani abu fari-fari a gilashi. Ya ɗora ɗaya kan ɗaya ya ja. Ya miƙa wa malama, ya fita bai dube ni ba.

Bayan azahar ta aiko a kira ni. Tana zaune gaban madubin koyarwa, wanda mutum biyu ke dubawa lokaci guda. Ta nuna mini kujera.

"Kai ne mai ido. Karanta mana."

Na gyara madubin. Na fara neman abin da nake tsoro, ƙwayoyin nan manya masu kama ɗaya da ke cika fili in ciwon daji ne. Babu su. Sai tarin dogayen ƙwayoyi sun dunƙule wuri-wuri, a bayansu mataccen abu kamar dagargajajjen cuku. Ta sauya gilashi, ta sa wanda aka rina da jan rini. Na bi shi a hankali, can a gefe na gan su, 'yan siraran sanduna ja.

"Tarin fuka ne," na ce.

"Na kaluluwa. Gobe a ɗauki hoton ƙirjinka. In yana da kyau ba za ka shafa wa kowa ba, ba kuma wanda zai kwantar da kai. Za ka sha magani na watanni, ka ci abinci, ka zo aiki. Ba inda za ka."

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Amma ban ɗago ba. Na mayar da gilashin farko ina ta kallo. Shafin siriri ne, ya bazu daidai daga farko har ƙarshe, ba ƙwayar da ta fashe, ba ɗigon jini ko ɗaya, a wuyan da ni na cika da jini. Ga ni an ce zan rayu, an ce zan ƙarasa karatuna, abin da ke cina a zuci shi ne ban taɓa yin mai kyan wannan ba, kuma na san ba zan taɓa yi ba.

Malama ta ce in na yarda za ta ajiye shi cikin na koyar da ɗalibai, don ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Na ce ta ajiye. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta sunan Garba a gefen gilashin. Majinyaci ba a sa sunansa, lamba ake ba shi.

Hoton ƙirji ya fito lafiya. Na sha magani har na gaji da ganinsa, kaluluwar ta sace, muka gama tare muka dawo tare. Aka riƙe Garba a Sakkwato, ni aka turo ni gida Yelwa, inda na yi ta soka allura a wuyan mutanen bakin ruwa har hannun ya ɗan yi laushi. Ɗan laushi dai. Wasanmu ya koma yadda yake tun a jirgin dawowa, bai kuma sake kiran sunana ba.

Shekaru da yawa bayan haka, wani matashin likita da ya je karatu can ya zo gaishe ni. Yana zumuɗi yake ba ni labari, wai har yanzu akwai wani gilashi da ake nuna wa duk sabon ɗalibi, a ce masa haka ake so aiki ya fito, kuma na ɗan ƙasarmu ne.

"Ranka ya daɗe, ko ka san shi? Dakta Garba, mutumin Warra."

Na ce na san shi. Na ce har wuyan ma na sani.